Kwana 11 a motar haya mai ɗaki cikin dajin Ostireliya

Tun da na dawo Birnin Kebbi, duk daren da na zauna a majalisarmu ta Badariya sai wani ya ce in sake ba da labarin motar nan mai ɗaki. Wani abokina da muka yi aiki tare a ma'aikatar dabbobi har cewa ya yi in ba shi lambar kamfanin, don shi ma yana da ɗiya a can kuma yana shirin zuwa. Na ce masa lambar ba za ta tsinana maka komai ba sai ka fara jin abin da ya same mu. Shi ya sa na zauna na rubuta. Sunan kamfanin ba zan kama ba, domin akwai ƙorafi a maganata, kuma da muka duba takardun sauran masu ba da irin wannan haya, sharuɗɗansu duk kanwar ja ce.

Babban yaron wajena ne ke karatun digiri na uku a Adelaide, can kudancin Ostireliya. Ya kira mu, ni da mahaifiyarsa, a watan Yulin bara. Ni abin da na ce a nuna mini shi ne shanu. Shekara 35 na yi ina bin rugage daga Kamba zuwa Zuru da sirinji a jaka, kuma na daɗe ina jin labarin kiwon ƙasar. Ya ce, "Baba, in shanu kake son gani sai mun shiga tsakiyar ƙasa, kuma can ba kowane gari ke da masauki ba. Gara mu ɗauki ɗakinmu mu tafi da shi." Na zaci wasa yake yi.

Iri biyu ne. Akwai ɗakin da ake ƙulla wa mota a baya ana ja, wanda suke kira da kalmar da Turawa ke kiran ayari da ita, akwai kuma wanda ɗakin da motar a haɗe suke. Na biyun muka ɗauka, saboda ja da baya da na farkon sai wanda ya saba. Tsawonta ya kai mita 7, tsayinta ya haura mita 3, tana shan dizal, giyarta kuma da kanta take canzawa. A ciki akwai gado a baya, wani gadon a saman kan direba wanda yaron ke hawa da tsani, da teburi, da murhun gas, da firiji, da famfon wanke-wanke, da wani ɗan banɗaki wanda in ka shiga sai ka yanke shawara tun a ƙofa ta wane gefe za ka juya. Tukwane, cokula, barguna, tawul, har tsintsiya duk an zuba. Tsafta kam ba a magana. Hajiya ta bi kowane lungu da yatsa tana neman ƙura ba ta samu ba, kuma wanda ya san Hajiya ya san wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

Inda na fara jin wani iri shi ne wurin karɓa. Wata yarinya ta miƙo mana kwamfutar hannu ta ce mu kalli bidiyon yadda ake amfani da motar, sannan ta zagaya da mu cikin abin da bai fi minti goma ba, tana magana da irin Turancinsu na hanci wanda rabinsa ke wuce ni. Na lura allon batirin ɗaki yana nuna rabi. Motar batir biyu gare ta, na inji daban, na ɗaki daban, kuma na ɗakin shi ke riƙe da fitilu da firiji da injin tura ruwa. Na nuna mata. Ta ce kada in damu, da mun hau hanya zai cika da kansa. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Sai takarda. Duk wanda zai yi wannan hayar ya sani cewa kuɗin da aka rubuta a shafinsu na intanet kan kowane yini somin taɓi ne. Akwai kuɗin ajiye motar a wani gari daban, tunda mu a Adelaide muka ɗauka kuma a Alice Springs za mu bari. Akwai inshora hawa uku. In ba ka biya komai ba, za su riƙe maka dubban dalolin ƙasar a katin banki a matsayin jingina, kuma duk abin da ya sami motar daga ciki za a cire. In ka biya na tsakiya, jinginar ta ragu. In ka biya na sama, kusan komai ya hau kansu, har gilashi da taya. Katin naira ba ya wannan aikin, da katin yaron aka yi. Lasina na Najeriya sun karɓa tunda da Turanci yake, amma na riƙe na ƙasa da ƙasa ma don gudun gardama. Yaron ya ce mu biya na sama. Na buga lissafi da naira, kaina ya sara, na ce na tsakiya ya isa, ai Allah ke tsarewa.

Sharuɗɗa biyu ne manya a takardar. Na ɗaya, kada a yi tuƙi bayan faɗuwar rana a daji, domin in ka buge kangaru ko saniya a lokacin, kai da aljihunka. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari tun ranar farko, don gawarwakin kangaru a gefen titi sun fi ƙarfin ƙirga, gaggafa na zaune a kansu ko motsi ba ta yi sai ka zo daf. Na biyu, kada motar ta sauka daga kwalta. Da ka hau burji inshora ta faɗi, kuma akwai na'ura a jikin motar da ke gaya musu inda take. Wannan sharaɗin ba a gaya wa yaron shi da baki ba lokacin da ya yi waya ya ce musu mahaifinsa gonakin shanu yake son gani. Yana cikin takarda, ba na musu, shafi na kusan ƙarshe da ƙananan baƙaƙe. Amma wanda ka gaya wa buƙatarka ya ga abin da zai sayar maka ba zai biya ta ba, ya yi shiru ya karɓi kuɗi, ko a kasuwar Jega ba a kiran wannan ciniki mai kyau.

Abin da ya sa ya yi mini ciwo shi ne gonar Anna Creek, wadda ita ce gonar shanu mafi girma a duniya. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 23,000. Jihar Kebbi gaba ɗayanta, daga Argungu har Yauri har Zuru, kimanin 36,800 ce. Wato gona ɗaya ta kusa cinye kashi biyu cikin uku na jiharmu. Hanyar da ke ratsa ta daga Coober Pedy zuwa William Creek ba kwalta, don haka na zo bakin ƙofa na juya. Haka ma Marree, garin da masu raƙuma Musulmi suka fara gina masallaci a ƙasar, ba ta kan hanyarmu in ba ta burjin ba. Wanda ke son waɗannan wurare sai ya ɗauki irin motar da ke ja da ƙafa huɗu, wadda ɗakinta ƙarami ne kuma ba banɗaki, abin da Hajiya ba za ta taɓa yarda da shi ba.

Kafin mu tashi mun yi sallar Juma'a a tsohon masallacin Adelaide, wanda aka fara gininsa a 1888, sannan Hajiya ta yi cefane kamar mai shirin biki: shinkafa, semo, kuɓewa, albasa, attaruhu, da naman rago daga mahautan halal. Kilishin da muka taho da shi daga gida tun a filin jirgi ya tsaya, domin ba sa barin nama ya shiga ƙasarsu, kuma gara ka faɗa da bakinka a kan takardar shiga da a same shi a jakarka. Ta kuma dage sai an sayi jarkoki biyu an cika da ruwa, duk da yaron na ta ce mata akwai tankin lita ɗari a ƙarƙashin motar. Ta ce tankin nasu ne, jarka tata ce. Buta biyu kuwa daga Birnin Kebbi ta taho da su.

Daga Adelaide zuwa Port Augusta kilomita 300 ne, gonakin alkama da tumaki, ba abin da zai ɗaga hankali. A Port Augusta ne babbar hanyar Stuart ke farawa, ta miƙe arewa kilomita 2,700 da 'yan kai har Darwin. Sunan wani Bature ne, John McDouall Stuart, wanda ya ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa a 1862, kuma sai a 1987 aka gama shimfiɗa mata kwalta. A hagu suke tuƙi. Ina ɗan firamare lokacin da Najeriya ta koma hannun dama a ranar 2 ga Afrilun 1972, na tuna yadda aka yi ta shela, ban taɓa zaton zan tsufa in koma tsohon hannu ba. A kan miƙaƙƙen titi ba wuya. Wuyar tana wurin fitowa daga gidan mai, inda hannu ke komawa abin da ya saba. Sau biyu Hajiya na daka mini tsawa daga baya, "Hagu, Alhaji, hagu!" Daga nan na bar wa yaron yawancin tuƙin.

Injin motar bai taɓa tari ba a tafiyar da ta haura kilomita 2,000. Wannan yabo ne da ya zama dole in yi. Tana da nauyi, iska na kaɗa ta, musamman in tirelolinsu masu jan bodi uku ko huɗu suka gifta, waɗanda tsawonsu kan kai mita 53 da rabi. In za ka wuce irinsu sai ka hangi fili na fiye da kilomita guda, mu dai ba mu gwada ba ko sau ɗaya. Dizal kuwa duk inda ka ƙara nisa da gari sai ya ƙara tsada, a wasu wuraren lita ta haura dala biyu da rabi, kuma wannan ba ya cikin lissafin da kamfanin ya nuna mana.

Bayan Pimba ƙasar ta buɗe. Ba bishiyar kirki, ba gona, ba ruga, ba mai talla. Jar ƙasa da gajerun ciyayi har iyakar gani, sai wani tafkin gishiri fari fat da ake kira Hart. Hajiya ta daɗe tana kallon taga, sannan ta ce, "Alhaji, wagga ƙasa ina mutanenta?" Ba shingen jami'an tsaro ko ɗaya, ba rami, ba wanda zai tsayar da kai. Shanun da na zo gani na fara ganinsu nan, jajaye masu farar fuska, gajeru masu ƙiba, ba tozo irin na Bokolojinmu, suna yawo ba makiyayi, ba sanda, ba kare. Rijiyoyin burtsatse ke shayar da su, kuma in lokacin tattarawa ya yi da jirgi mai saukar ungulu da babura ake koro su. A wurare da dama titin ba shinge, sai wasu ƙarafa da aka jera a ƙasa waɗanda kofato ba ya iya takawa. Na tsayar da motar na sauka na duba ƙarafan da kyau, ina tunanin burtalinmu da gonaki suka cinye.

A Glendambo akwai allo da ke gargaɗin cewa ba sauran mai sai Coober Pedy, kilomita 254. Kamar ka tashi daga Birnin Kebbi ka wuce Jega, ka wuce Koko, ka wuce Yauri, ba ka ga gidan mai ko mai faci ko mai shayi ba. Muka cika tanki. Rana ta yi sanyi muna tsakiya, sai muka bi sharaɗi muka sauka a wani wurin hutawa na gefen titi, fili ne kawai da rumfa da ganga ta shara. Akwai wani ɗakin ja guda ɗaya can gefe.

Muna idar da magariba da isha'i fitilun ɗakin suka yi ja, suka mutu. Firiji ya yi shiru. Na murɗa famfo, ko ɗigo, domin injin da ke turo ruwan da batir yake aiki. Ga lita ɗari a ƙarƙashin ƙafarmu, ba halin ɗiba. Allon batir da yarinyar ta ce zai cika yana ƙasa ƙat. Muka ce to a kunna hita, sai yaron ya karanta littafin motar da fitilar waya ya gano cewa hitar ba ta aiki sam sai an jona motar da wutar zango. Ba wanda ya gaya mana wannan. Yuli kuwa tsakiyar hunturunsu ne, da rana daɗi, da dare sanyin kan sauka kusa da sifiri. Duk sanyin da na sha a bakin gulbin Argungu da asuba a watan Janairu wasan yara ne.

A jikin makullin akwai lambar agaji, an rubuta dare da rana. Yaron ya ɗaga waya sama, ya hau tsani, ya zagaya fili, ba sabis ko layi ɗaya, duk da layinsa na Telstra ne, wanda ya fi kowanne kai wa daji. Wannan shi ne babban ƙorafina. Kamfanin ya san inda motocinsa ke zuwa. Ya san akwai ɗaruruwan kilomitoci da waya ba ta aiki. Ya iya sa na'urar da ke gaya masa na hau burji, amma bai sa wadda ni zan gaya masa na shiga uku ba. Ashe ana hayar wayar tauraron ɗan'adam da wata 'yar na'urar neman ceto, daga baya na ji, kuma ko a bidiyon nasu ba a ambata ba.

Kakana bafatake ne, ya yi Gwanja da jakuna yana kawo goro. Abin da yake yawan faɗa shi ne ayari ba ya tashi sai madugu ya san zango na gaba da rijiyarsa, kuma jagaba na gaba yana duba hanya. A daren nan na gane mun biya kuɗin jaki mai kyau, amma ba a haɗa mu da madugu ba. A gida, in motarka ta lalace tsakanin Koko da Yauri, kafin ka buɗe bonet mutum biyar sun taru, ɗaya ya tafi kiran bakanike a babur, wata ta kawo fura. Tsoronmu a hanyoyin gida na mutane ne, kowa ya san halin da ake ciki. A can kuwa tsoron na rashinsu ne. Hajiya duk da haka ba ta runtsa ba, ta ce jikinta bai yarda a kwana a daji ƙofa ba gini ba. Ta kunna murhun gas, wanda shi ba ruwansa da batir, ta soye naman ragon nan kaf kamar na layya don kada ya lalace, da ruwan jarkarta muka yi alwala muka sha shayi. Ba ta ce komai ba game da jarkar. Kallon da ta yi wa yaron ya isa.

Da asuba na fito, ban taɓa ganin taurari haka ba. Kaza da 'ya'yanta na nan can ƙasa-ƙasa, na gane ta, na ji kamar na haɗu da ɗan unguwa. Alƙibla kuwa a can tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa. Mu da muka tashi muna cewa a dubi gabas in za a yi salla, sai ga mu muna juya wa fitowar rana baya. Hajiya sai da ta sa yaron ya nuna mata a waya sau uku a kwanakin farko kafin ta yarda.

Mai ɗakin jan nan na gefe ne ya cece mu. Wani dattijo ne da matarsa, sun yi ritaya, duk hunturu sukan ja ɗakinsu su yi arewa su yi watanni, kuma irinsu ne suka fi yawa a hanyar. Ya ga yaron ya buɗe akwatin batir yana zare ido, ya taho da kofin shayinsa a hannu. Bai yi minti biyar ba ya zaro wani fiyus da ya ƙone, ya ce tun kafin a ba mu motar batirin ba ya karɓar caji. Ya ɗauko wani daga cikin gwangwaninsa ya sa, ya ce a tayar da inji. Allo ya fara hawa. Na ciro kuɗi, ya yi dariya ya ƙi. Hajiya ta cika musu kwano da soyayyen nama ta barbaɗa yaji. Ya ci guda, hawaye suka zubo masa, ya ce a ƙara. Shi ya koya mana abin da kamfanin bai koya mana ba: a cika tanki a duk gidan mai ko da rabi ne ya rage, a tashi da hantsi a sauka kafin la'asar ta yi sanyi, in mota ta lalace kada a bar wurinta a tafi neman taimako da ƙafa, kuma a riƙa kwana a zangon da ke da wuta duk bayan dare ɗaya.

Da muka isa Coober Pedy aka samu sabis. Wanda ya ɗauki wayar ya yi ladabi, ya ba da haƙuri, ya ce mu sayi fiyus na ajiya mu riƙe rasit za a biya mu. An biya, kuɗin bai kai na kofin shayi biyu ba. Daren da muka kwana a sanyi kuwa aka ce ba a rage komai a kansa tunda motar tana tafiya.

Garin kansa ya cancanci kwana biyun da muka yi. Tun 1915 ake haƙar wani dutse mai daraja da ake kira ofal a wurin, ko'ina tulin farar ƙasa da ramuka, ga alluna na gargaɗin kada ka yi tafiya da baya. Saboda zafin bazara mutane da yawa a cikin ƙasa suke zaune, sun fafe tudu sun yi ɗakuna, har da coci. Ruwan garin daga rijiya mai nisa ake jawo shi a tace gishirinsa, kuma in za ka cika tanki sai ka jefa kwabbai a famfo. Muka biya wani mai yawo da baƙi ya kai mu da tasa motar mu ga shingen karnukan daji, waya ce da ta yi tsawon kilomita 5,600 don ta hana karnukan, waɗanda suke kira dingo, shiga ƙasar tumaki. Kudu da ita galibi tumaki, arewa da ita shanu. Na daɗe tsaye ina riƙe da wayar nan.

Maganar banɗaki sai an yi ta, ko da ba daɗi. Ƙarƙashinsa akwai wani akwati da ake zarowa ta waje duk kwana biyu ko uku, a kai shi wurin da aka tanada a juye a ɗauraye. Yaron ne ya ɗauki wannan aikin, Allah ya yi masa albarka. Mu da muke tsarki da ruwa, akwatin ya fi saurin cika a kan lissafinsu, haka ma tankin ruwa ya fi saurin ƙarewa, ko da muna ƙasaru muna haɗa salloli. Wanka a ciki kuwa mun yi sau ɗaya muka haƙura, zangunan kuɗi suna da wurin wanka mai ruwan zafi da injin wanki, kuma nan ne hitar ke aiki. Murhun ya tuƙa tuwon semo ba gardama, sai dai tukunyar kamfanin siririya ce, tana kamu. A gidajen abincin hanya ba naman halal, kifi da dankali da ƙwai ne abincinmu in mun gaji da girki.

Bayan Marla wata tirela ta gifta ta watso tsakuwa, na ji ƙas a gilashin gaba. Ɗan tabo kamar ƙwayar gero. Kafin Kulgera sanyi da zafi sun ja shi ya yi tsawon taƙi. Yaron bai ce uffan ba, ni ma ban ce ba. Inshorar tsakiya ba ta ɗaukar gilashi. Wannan laifina ne, ba na kamfani ba, kuma abin da aka cire ya fi bambancin da na ƙi biya tun farko.

A Erldunda muka karya yamma, kilomita 245 zuwa Uluru, shahararren dutsen nan na tsakiyar ƙasar. A hanya wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai ya bayyana, muka tsaya muka yi ta ɗaukar hoto, har Hajiya ta tura wa 'yan uwa a Gwandu da aka samu sabis, ashe dutsen Conner ne, kuma kusan kowane baƙo sai ya yi wannan kuskuren. A nan muka ga raƙuma biyar ba akala, ba mai su. Jikokin waɗanda aka kawo ne tun shekarun 1860 tare da masu jansu daga Afganistan da yankin da ya zama Pakistan, waɗanda suka yi jigilar kaya a dajin kafin jirgin ƙasa ya kai Alice Springs a 1929. Da mota da jirgi suka karɓe aikin sai aka sake su, suka yaɗu har gwamnati na kashe kuɗi don rage su. Na tuna kuɗin raƙumi ɗaya a kasuwar Illela na yi shiru.

Uluru kansa tsayinsa mita 348, zagayensa ya haura kilomita 9, dutse ɗaya tilo a tsakiyar fili. Wanda ya san Kwatarkwashi zai ɗan kwatanta, sai dai wannan ja ne, kuma da faɗuwar rana yakan rikiɗe kamar garwashi. An mayar wa mutanen Anangu, masu ƙasar na asali, da shi a 1985, kuma tun Oktoban 2019 aka hana hawa. A wurin nan motar ta biya kuɗinta. Masaukai a Yulara, garin baƙi da ke kusa da dutsen, tsada gare su ba kaɗan ba, mu kuwa muka ja ɗakinmu har wurin kallo, Hajiya ta dafa shayi, muka buɗe ƙofa muka zauna, masu manyan bas suna rawar sanyi a waje ana ƙirga musu minti.

A Alice Springs muka sami Juma'a a masallacin da ake kira na Afganawa, cike da 'yan Pakistan da Indonisiya da Sudan. Kogin garin, Todd, yashi ne zalla, amma duk shekara suna gasar kwale-kwale a cikinsa, su cire gindin jirgin su shiga su ɗauke shi su ruga da ƙafa. Na ce in na ba 'yan Rigatar Yauri wannan labarin za su ce tsufa ya fara taɓa ni.

Mayar da motar bai ɗauki rabin awa ba. Sai ka cika mai, ka cika tukunyar gas, ka juye akwatin nan, ka share. Suka duba gilashi suka rubuta. Ragowar jinginar aka ce kwana kaɗan, sai da ta yi sati uku da wasiƙu huɗu kafin ta dawo katin yaron, lokacin har mun iso gida.

Ga abokina mai shirin tafiya, abin da na gaya masa a majalisa shi ne ya ɗauka in su uku ne ko huɗu, domin a mutum biyu tsadar ba ta fita. Ya biya inshorar sama ya runtse ido. Kada ya bar harabar kamfanin sai an tayar da inji ya ga allon batir na hawa da idonsa, ya tambayi wace na'ura ce ke aiki ba wutar zango, ya sa a rubuta masa hanyoyin da aka hana, ya yi hayar na'urar neman ceto, ya sayi fiyus da jarka. Motar zan ba ta takwas cikin goma, kamfanin biyar. Hajiya ta ce huɗu, kuma ɗaya daga cikin butocinta ta manta a banɗakin motar, ta sa yaron ya rubuta musu a kanta, har yau ba su amsa ba.